Yadda Ya'u Ya Yi Jinyar Motar Ya Falmata

A shekarar da aka gama yaƙin basasa, Ya'u ɗan Haladu ya dawo Haɗeja daga Kano da shuɗiyar rigar bakanike wadda ta fi shi tsawo, da sifana guda ɗaya, da sabon suna da ya raɗa wa kansa a hanya, wato Injiniya. Wata biyu ya yi a can. Waɗanda suka gan shi sun ce gadin ƙofar wani gareji yake yi a Fagge. Shi kuwa ya ce shi ne mai duba aikin sauran kafin a miƙa wa mai mota motarsa.

Kafin wannan tafiya sana'arsa gyaran jirgin ruwa, gadon ubansa, kuma gaskiya ya iya. Duk kwale-kwalen da ke shan ruwa daga Haɗeja har Baturiya, in aka jawo shi gaɓa aka kira Ya'u, sai ya bi katakon da ɗan yatsa ya gano hudar, ya naɗa wa ƙayar aduwa auduga, ya buga ta ciki, ya datse kan. Daga wannan aiki ya ɗauko iliminsa na duniya gaba ɗaya, wato huda ɓarna ce ko a ina take. Da ya dawo sai ya ce shi da jirgi har abada, aikin ƙauyawa ne. Gareji zai buɗe a bakin tasha, direbobin Kano da na Nguru su riƙa bin layi. Abin da ya rage kawai a gan shi ya gyara mota ɗaya a gaban jama'a.

Motar da ta fi kusa da hannunsa ita ce ta Ya Falmata, yayar matarsa Barira. Fataucin bandar kifi take yi, kuma da wannan mota take ci, da ita take riƙe gidanta. Mota ce mai bodin katako, ta girmi 'yancin kai nesa ba kusa ba, shi ya sa ake kiranta Gwaggo. Direbanta Shu'ibu, mutum marar yawan magana, shekara tara yana tuƙa ta. Kowace damina, kafin kogi ya kawo ya rufe hanyar fadama, Gwaggo takan yi tafiyar ƙarshe zuwa Tudun Zarami, wani ƙauyen masunta a kan hanyar Baturiya, ta kwaso bandar da ta rage ta fito. Motar da ruwa ya rufe wa hanya a can sai bayan wata huɗu, in ma ta ci sunan mota a lokacin. A bana saura mako uku a yi wannan tafiya.

Gwaggo ba ta da ciwon komai sai tsufa. Amma Ya'u ya yi ta zarya gidan Ya Falmata safe da yamma, har ta gaji, don darajar ƙanwarta ta ce ya duba.

Ya kwanta a ƙarƙashin motar ya fito. Ya buɗe bonet ya daɗe yana kaɗa kai, ya rufe.

"Injiniya, ka samo?" in ji Shu'ibu daga inuwa.

"Ba a yi wa mota gaggawa."

Shu'ibu ya gaji ya shiga zaure. Ya'u ya ci gaba da kewaya motar, ransa ya soma ɓaci, don ba zai koma gida ya ce wa Barira bai ga komai ba. Can ya isa baya, wajen tankin mai, yatsansa ya bi murfin yadda ya saba bin katako. A tsakiyar murfin ga 'yar huda, ba ta fi bakin allura ba. Ya kai hanci ya ji ƙamshin fetur. Shekara tara man Ya Falmata yana gudu ta nan, direbanta yana barci a zaure. Ya tsinko ƙayar aduwa, ya naɗa mata auduga, ya buga ta daga ciki, ya datse. Ya yanko fata ya kewaye bakin murfin don ya kama gam, ya shafe waje da baƙin mai yadda ba mai gani. Bai gaya wa kowa ba. Zai bari sai an lura mai ya daina ƙarewa da wuri, an soma tambayar dalili, sannan ya bayyana a tasha, ranar da mutane suka fi yawa.

Wannan huda kuwa maƙeran motar ne suka yi ta da gangan. Ita ce hancin tanki. Injin yana zuƙar mai, iska tana shiga ta nan tana cike gurbinsa. In aka toshe ta, mai yakan yi ta tafiya na ɗan lokaci, sannan tanki ya riƙe abinsa, yadda ruwa ke ƙin fita daga buta in ka danne bakinta da tafin hannu. Ba zai saki ba sai an buɗe murfi ya shaƙi iska.

Ranar kasuwa Gwaggo ta shigo kasuwar kifi tana tari. Aka sauke kaya, Shu'ibu ya murɗa mabuɗi, ta yi gurnani ta yi shiru. Ya sake, haka. Ya fito ya sa handul, ƙarfen nan da ake juya injin da shi daga gaba, ya yi ta juyi har gumi ya jiƙa masa riga. Sai ga Ya'u ya ratso taron da sifanarsa, kamar wanda ya zo wucewa, alhali tun safe yake zaune a rumfar mai shayi yana kallon motar.

"Ku matsa, ku matsa," in ji shi. Ya ɗora kunne a bonet, ya rufe ido. "Batir ne."

"Batir ɗin bai yi wata uku ba," in ji Shu'ibu.

"Sabo ne a ido. Kai direba ne, Shu'ibu, iyakarka sitiyari."

Ya kwance kawunan batir, ya kankare su da wuƙar wata mai kifi, ya bubbuga da sifana, ya karɓo ruwan zafi wajen mai shayi ya tuttula. Hannunsa ya yi baƙi ƙirin. A Kano abu ɗaya ne ya gani da idonsa daga bakin ƙofa har ya haddace: bakanike na gaske da fetur yake wanke hannu. Ya zagaya baya, ya murɗe murfin tanki. Tankin ya ja iska, fuuu, kamar mutumin da aka tsamo daga ruwa. Ya'u ya yi murmushi, don a ganinsa ƙarfin man da ya tsare ne yake magana. Ya tsoma tsumma ya goge hannu tas, ya rufe, ya dawo gaba.

"Murɗa yanzu."

Bugu ɗaya Gwaggo ta tashi.

Kasuwa ta ɗauka. Masu kifi suka bar kwandunansu suka zo kallonsa. Wata ta ba shi tarwaɗa, wani ya ce shi ma yana da keke da ke ƙara. Ya'u ya ce ba ya taɓa abin da ba shi da injin.

A gida ya ajiye tarwaɗar a gaban Barira.

"Kin ji abin da mijinki ya yi a kasuwa?"

"Na ji. An ce ka ba mota shayi."

"Sanyi ne ya kama batir."

"To ga tukunyata tana ɗiga tun kafin ka tafi Kano."

"Wannan aikin masu faci ne."

"Da can kai ne mai facin."

Ya ce ba zai tsaya jayayya da wadda ba ta taɓa ganin cikin injin ba. Barira ta ce ita ma tana jin haka ne ya haɗa su aure.

Bayan kwana huɗu Gwaggo ta ƙi tashi a bakin gada. Aka aika aka kira Ya'u. Wannan karon ya ce fulogi ne, sun jiƙa da raɓa. Ya kwance su duka huɗu, ya jera su a tukubar mai tsire, a gefen nama. Mai tsiren ya ce in namansa ya yi warin mai, Injiniya ne zai cinye shi da tsinkayen. Fulogi ɗaya ya tsage saboda zafi, Ya'u ya ce dama shi ne mai laifin, wuta ce ta tona masa asiri. Ya mayar da su, ya zagaya baya ya wanke hannu, Gwaggo ta tashi, sai dai daga ranar tafiya take tana ɗingishi.

Karo na uku a tashar jirgin ƙasa ta Malam Madori ne, da kaya a bayanta jirgi yana shirin tashi. Ya'u ya taɓa kwayil, wata 'yar gwangwanin wuta a gefen injin, ya ji ta da zafi, ya ce zazzaɓi ne. Ya naɗe ta da jiƙaƙƙen tsumma, ya yanke wayoyi biyu da ya ce sun yi yawa, ya haɗa wasu biyu da ya ce tun asali 'yan uwan juna ne. Ya wanke hannu. Gwaggo ta tashi. Hon ɗinta ne bai ƙara kuka ba, fitilun gaba kuma suka koma kunna kansu duk lokacin da aka taka burki.

Da yamma a ƙofar gidan Ya Falmata, a gaban maƙwabta, Shu'ibu ya yi magana mafi tsawo da aka taɓa ji daga bakinsa.

"Ya Falmata, shekara tara motar nan ba ta ƙi tashi ba sai da aka duba ta."

"Ka gode wa Allah na dawo a kan lokaci," in ji Ya'u. "Da yanzu kana daji kana kuka."

"Kuma na lura da abu ɗaya. Ba ta taɓa ƙin tashi a gidan mai ba."

"Kai ka taɓa ƙin tashi in an kawo tuwo?"

Maƙwabta suka yi dariya, maganar ta mutu a nan. Ya Falmata ba ta yi dariya ba, amma sau uku ta ga motarta ta mutu, sau uku ta ga Ya'u ya tashe ta. Ta ce ranar tafiyar ƙarshe da shi za a je.

Abu ɗaya ne bai yi mata daɗi ba. Kafin su tashi ta sa aka ɗaura wa murfin tanki ɗan kwaɗo, ta ƙulle mabuɗin a bakin mayafinta, ta miƙa wa Ya'u curin sabulun salo.

"Ba gidan mai a fadama," in ji ta. "Abin da ke ciki shi zai kai mu ya dawo da mu. Fetur ba ruwan kogi ba ne da za ka riƙa alwala da shi."

"Ya Falmata, a Kano..."

"A Kano ba man gidana ba ne."

Suka bi hanyar fadama da sassafe, ta tsakanin gonakin shinkafa. Dab da Tudun Zarami akwai wani kwari da hanya ke sauka ta hau, nan ne ruwa ke fara yankewa. Sun tarar ya soma kwanciya a ciki, iya idon sawu. Gwaggo ta ratsa, ta hau tudu tana tari, ta mutu da kanta a gindin tsamiya kafin Shu'ibu ya kai hannu ga mabuɗi.

Baba Inuwa, dattijon masuntan ƙauyen, ya zo tarye. Ya nuna musu karan dawa da ya kafa a bakin kwarin.

"An aiko daga Auyo, ruwa ya wuce su shekaranjiya. Yanzu yana gaɓar karan nan ta ɗaya. In ya ci ta huɗu, sai jirgi. Ina ganin ba zai kai la'asar ba."

"Kafin ya ci ta biyu muna Haɗeja, Baba," in ji Ya'u.

Baba Inuwa ya dube shi daga wuya har ƙafa. "Ba ɗan Haladu ba ne wannan? Rigar wa ka sa?"

Da hantsi an gama lodi, kwandunan banda har saman bodi. Shu'ibu ya murɗa mabuɗi. Gurnani, shiru. Ya'u ya naɗe hannun riga da murna, don bai taɓa samun 'yan kallon da ba su san komai game da mota ba kamar waɗannan. Ya kankare batir, ya sa aka dafa ruwa ya zuba, ya je bakin ruwa ya wanke hannu da sabulun salo yana yatsina fuska.

"Murɗa yanzu."

Gwaggo ba ta tashi ba.

Ya ce ai dama ya sani, gwada Shu'ibu yake yi. Ya kwance fulogi ya jefa su cikin murhun banda, suka fito suna ƙamshin kifi. Bai yi ba. Ya naɗe kwayil da tsumma, ya ƙara wani tsumman a kai. Bai yi ba. Ya yanke waya ɗaya. Matan ƙauyen suka shimfiɗa tabarmi a inuwa, wata ta kawo gyaɗa.

Ya matsa kusa da Ya Falmata ya rage murya. "A ɗan ba ni mabuɗin tankin nan. Hannuna ba ya kama aiki da sabulu, santsi yake yi."

"Ga yashi nan."

"Gaɓa ta biyu," in ji Baba Inuwa daga bakin kwari.

Ya'u ya ce sai turi. Ya tara mazan ƙauyen duka a bayan motar, ya ce Shu'ibu ya sauko, don bai iya sakin kuloci a kan lokaci ba, shi zai zauna a sitiyari. Shu'ibu ya tambaye shi ko ya taɓa tuƙi. Ya ce wanda ya san cikin abu ba a tambayarsa bayansa. Aka tura. Gwaggo da kayanta ta kama gangare, ta fi masu turin gudu. Ya'u ya nemi burki ya taka kuloci, ya nemi hon ya tuna shi ne ya kashe shi. Motar ta bar hanya, ta ratsa dangar wata mata mai suna Hajo, ta tsaya da hancinta a cikin akurkin agwaginta. A lokacin ne ƙafarsa ta sami burki, fitilun gaba suka kama da rana tsaka.

Hajo ta fito da muciya a hannu. Agwagi tara suka watsu cikin taron.

"Wane ne direban?"

"Gwaji ne, Inna," in ji Ya'u ta taga.

"In ka gama gwajin ka sauko in gwada tawa."

Sai da Baba Inuwa ya sa baki. Aka jawo motar baya, aka sake hawa da ita gindin tsamiya, mazan ƙauyen suna haki suna zaginsa ƙasa-ƙasa. Kafin su huta ruwa ya ci gaɓa ta uku.

Shu'ibu ya je ya tsuguna a gaban Ya Falmata. "Akwai shanun huɗa biyu a ƙauyen nan. A sauke rabin kaya, a ɗaura mata igiya su ja ta ta haye kwarin yanzu, tun ruwa bai kai gwiwa ba. In muna can ƙetare, ko kwana uku za a yi ana gyara, ba abin da zai same ta."

Ya'u ya ji maganar, ya kuma ga abin da za ta haifa. Labari zai riga shi isa tasha: Injiniya ya fito daga fadama a bayan shanu.

"Motar da nake ciki, a ce sa ne ya ja ta? Ya Falmata, na gano ciwon yanzu. Tun ɗazu nake zagaye shi don kada ya gudu. Kafireto ne, inda mai ke haɗuwa da iska. Ki ba ni lokacin da za a dama fura a sha. In ba ta tashi ba, ni a ɗaura min igiyar."

Ya Falmata ta dubi karan dawa, ta dubi Shu'ibu, ta dubi Ya'u. Sau uku ta gani da idonta.

"Damun fura ɗaya," in ji ta.

Bai taɓa ganin cikin kafireto ba. Ya ari kayan aikin Shu'ibu, ya ciro shi, ya shimfiɗa asabarin shanya kifi ya soma kwancewa. Kowane noti ya cire sai wani abu ya faɗo da bai yi tsammani ba. Wani siririn ƙarfe mai tsalle ya tashi sama, ba a ƙara ganinsa ba. Da abin ya ƙi ƙarewa ya koma injin ya ciro dilko, mai rarraba wuta, ya kwance shi ma, ko ciwon ya tsallaka can. Asabari ya cika. An dama fura an sha, an wanke ƙwarya. An yi azahar an dawo.

Can ya ɗago wata 'yar ƙusa ta tagulla, ba ta fi ƙwayar masara ba, ya ɗaga ta sama. Ta cikinta ne mai ke bi ya shiga injin, kuma ba ta da ta biyu daga nan har Kano.

"Ku duba," ya ce wa taron. "Huda ce a tsakiyarta, tun daga wannan kai har wancan. Wani ya samo min ƙaya."

Ya ajiye ta a gefen asabari ya juya neman auduga. Ɗaya daga cikin agwagin Hajo, da suka rasa akurki suna yawo tsakanin ƙafafun mutane, ta miƙa wuya ta haɗiye ta.

Shu'ibu ne ya gani. Ya yi tsalle, agwagwar ta goce ta shiga cikin 'yan uwanta. Ƙauye ya tashi gaba ɗaya. Ya'u ya taka ƙafar rigarsa ya kife a kan asabari, notina suka tarwatse cikin yashi. Agwagi tara suka yi layi suka faɗa ruwa, suka yi nisan jifa, suka tsaya suna gyaran fiffike. Duk baƙaƙe ne masu farin wuya.

Baba Inuwa ya taho a hankali da karan dawa a hannu, jiƙe har gaɓa ta huɗu. Ya jingine shi a jikin motar.

Ya Falmata ta daɗe tana kallon inda hanya take ɗazu. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce a kawo jirage a mayar da banda ciki. Ta kwance mabuɗin daga mayafinta ta ba Shu'ibu, ta ce ya zuƙe man a galan, kada ya zauna wata huɗu a banza.

Shu'ibu ya buɗe kwaɗo, ya murɗe murfin. Tankin ya ja iska, dogon ja, har waɗanda ke bakin ruwa suka waiwayo. Gefensa da ya lotsa ciki ya dawo da ƙara, ɓam. Shu'ibu ya tsaya da murfin a hannu. Ya ɗaga shi saitin rana, haske bai ratso ba. Ya juya cikinsa, ya sa bakin wuƙa, ya zaro ƙayar aduwa naɗe da auduga.

Ya'u ya soma kakkaɓe yashi daga rigarsa da matuƙar natsuwa.

Baba Inuwa ya karɓi ƙayar, ya kai ta kusa da ido, ya jujjuya. "Wannan hannun mai gyaran jirgi ne. Ku dubi naɗin, ba inda ya fi wani kauri. Shekara hamsin ina kan ruwa, ban ga toshi mai kyau kamar wannan ba. Ko Haladu, Allah ya jiƙansa, bai kai nan ba. Wane ne ya yi?"

Da Ya'u ya yi shiru, da wataƙila ya tsira. Amma tun da ya dawo daga Kano ba wanda ya yabe shi a kan abin da ya yi da gaske.

"Ni ne, Baba," in ji shi, ya matso gaba. "Kallo ɗaya na yi na gano ta. Shekara tara mai yana gudu ta nan, ba wanda ya lura. Har fata na sa wa bakin, ku duba."

"Yaushe?" in ji Shu'ibu.

"Ranar da na fara duba ta."

"Ka toshe mata hanci." Shu'ibu ya juya wajen taron, yana magana a hankali kamar mai karanta wasiƙa. "Tanki sai ya sha iska yake ba da mai. Duk ranar da ta tashi, ba batir ba ne, ba fulogi ba ne. Murfin nan yake buɗewa ya wanke hannu. Da tun hantsi an buɗe shi sau ɗaya, da yanzu mun sauke kaya a Haɗeja."

Wata tsohuwa a kan tabarma ta soma dariya, ta kasa tsayawa, dariyar ta bazu har bakin ruwa. Wani ya ce a kai masa matarsa mai yawan magana a toshe. Wani ya ce shi dai kada Injiniya ya duba masa kunne.

"Ke nan," in ji Ya'u da ƙarfi don a ji shi, "hannuna ne yake tashe ta. Abin da nake faɗa tun farko."

Ya Falmata ba ta ko dube shi ba. Ta tambayi Shu'ibu ko motar za ta sake tafiya. Ya ce in ruwa ya janye zai tace yashi ya tattara notina ya haɗa, amma in ba a samo 'yar tagullar nan ba, Gwaggo ta zama rumbu.

"A yanka agwagwar," in ji wani.

"Wacce?" in ji Hajo. "Ba za a kwance min agwagi ɗaya bayan ɗaya yadda aka kwance motar nan ba. Mai son abinsa ya jira ya fito ta inda yake fitowa."

Mazan ƙauyen suka tura Gwaggo ƙololuwar tudu, aka rufe ta da zana. Banda ta shiga jirage uku. Ya Falmata ta tattare zaninta ta shiga na gaba, Shu'ibu ya bi ta da galan. Ya'u ya ɗauki sifanarsa ya sa ƙafa ɗaya a cikin jirgin.

"Mijin Barira, ina zuwa?"

"Gida, Ya Falmata."

"Likita ba ya barin majinyaci. Hajo, ara masa rariya." Ta gyara zama a kan kwando. "Za ka gyara mata dangarta, za ka bi agwagin nan duk inda suka tsuguna. Ranar da ka samo min tagullata, ka wanke ta, ka aiko. Sannan in aiko maka da jirgi."

"Me zan ce wa Barira?"

"Ni zan gaya mata. Na fi ka iya ba da labari."

Masu fito suka kafa sanda, jiragen suka bi ta kan hanyar da Gwaggo ta shigo da safe. Ya'u ya tsaya a gaɓa da rariya a hannu, 'yan ƙauyen kewaye da shi suna jiran su ga ta ina zai fara. Agwagin suka fito daga ruwa ɗaya bayan ɗaya suna girgiza jiki. Ya gyara wuyan rigarsa, ya sa hannu a baya, ya bi su da kallo yana kaɗa kai.

"Waccan ce," in ji shi, ya nuna wata da ke tahowa ita kaɗai. "Ku dubi tafiyarta. Akwai nauyin ƙarfe a cikinta. Ba na kuskure a irin wannan."

"Waccan tun asuba take kwance a kan ƙwai a ƙarƙashin rumbu," in ji Hajo. "Yanzu ta fito shan ruwa."